Yadda za ka bi diddigin jinkiri da ƙarin kuɗi a aikin jirgin ƙarƙashin ƙasa

Ƙanena ɗan jarida ne. Ni kuwa aikina lissafin kuɗin gini: in auna abin da ɗan kwangila ya yi a fili, in gwada da abin da ya rubuto a biya shi. Na daɗe a wannan sana'a, har aikin rami na taɓa zama a kai. Wani dare ya kira ni, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Yaya, an sake ɗage ranar buɗe sabon layin jirgin ƙarƙashin ƙasan nan, kuɗin ma wai ya ƙaru. Edita na son labari da safe. Sata ce ko?"

Na ce masa ya nemo biro da takarda. Sata tana iya shiga, ba na musu, amma wanda ya fara da ita yakan tsaya a nan, ya bar sauran ƙofofin da kuɗi ke zurarewa ba tare da ya leƙa su ba. Landan, Amsterdam da New York duk birane ne da ake sa ido a kan kuɗin gwamnati, kuma duk sun sha wannan kaye. Abin da na gaya masa a daren shi na faɗaɗa a nan, don amfanin duk wanda ake haƙa irin wannan layi a birnin da yake zaune, ko ɗan jarida ne, ko ɗan majalisa, ko wanda katangar 'yan aiki ta tare wa ƙofar gida.

Ka fara da tsohuwar jarida

Kafin ka saurari sabuwar sanarwa, nemo ta farko, wadda aka yi ranar da aka amince da aikin. Abu huɗu za ka kwafe: kuɗi nawa, yaushe za a buɗe, kilomita nawa, tasha nawa. Ka jera su a layi ɗaya. Duk sanarwar da ta biyo baya ka rubuta ta a ƙarƙashi da kwanan watanta. Na Amsterdam, alal misali, zai fara da yuro biliyan 1.4 da alƙawarin buɗewa a 2011, ya ƙare da yuro biliyan 3.1 da watan Yulin 2018, a layin da bai cika kilomita 10 ba.

Wannan 'yar takarda tana da amfani ne saboda wata ɗabi'a ta hukumomi. Idan jadawali ya rushe sai a zana sabo, a koma ƙirga daga kansa. Bayan wata shida sai ka ji kakakin hukuma na cewa aiki yana tafiya kan lokaci. Bai yi ƙarya ba, lokacin ne aka sauya. Haka kuma idan kuɗi bai motsa ba amma tasha biyu sun ɓace daga taswira, ko an ce sai "kashi na biyu" za a gina su, to kuɗi ya ƙaru, an dai ɓoye ƙarin a cikin abin da aka yanke. Shi ya sa kullum za ka raba kuɗi da yawan kilomita kafin ka kwatanta.

Sannan ka tuhumi ita kanta lambar. Kuɗin wace shekara ne? Ɗauki aikin biliyan 10, a kowane irin kuɗi. Idan farashin siminti da rodi da albashi na hawa da kashi 5 cikin 100 duk shekara, jan ƙafa na shekara huɗu kafin a fara zai mai da shi biliyan 12 da ɗoriya, ba a ƙara ko bulo ɗaya ba. Wannan ƙari daga aljihun jama'a zai fito, amma alhakinsa na kan waɗanda suka kasa yanke shawara. Ware shi gefe ka ga abin da ya saura, a nan labarin yake. Ka kuma tambayi abin da ke cikin lambar: taragai suna ciki? Garejin da jirage za su kwana a gyara su fa? Diyyar filaye, kauda bututu, kuɗin ruwan bashi? Na sha ganin ana tayar da jijiyar wuya a kan lambobi biyu, alhali ɗaya da taragai ɗaya babu.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: lokacin da aka faɗi kuɗin farko, zane ya kai ina? Sau da yawa layi ne kawai aka ja a kan taswira, ba a san zurfin tasha ba, ba a san inda ƙofofinta za su fito ba. A 2002 wani malamin jami'a ɗan Denmark, Bent Flyvbjerg, da abokan aikinsa sun bi ayyukan sufuri 258 a ƙasashe 20. Kusan tara cikin kowane goma sun zarce ƙiyasi, kuma a ayyukan dogo matsakaicin ƙarin ya kai kashi 45 cikin 100. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, cikin shekaru 70 da binciken ya duba, ƙiyasin bai gyaru ba. Da kuskure ne tsagwaronsa, da wani lokaci a zarce, wani lokaci a yi rara. Amma karkatar kusan kullum gefe ɗaya take. Bayaninsa biyu ne: kyakkyawan zato da ya wuce kima, da kuma rage lamba da gangan don majalisa ta sa hannu. Willie Brown, tsohon magajin garin San Francisco, ya fito fili ya faɗi na biyun a wani sharhin jarida a 2013. Ya ce a ayyukan gwamnati kasafin farko kafin alƙalami ne kawai, dabarar ita ce a fara haƙa rami, a yi shi da girman da dole sai an nemo kuɗin cike shi.

Maganin da za ka iya yi daga kan teburinka: nemo layuka biyar ko goma masu kama da naku da aka riga aka gama a wasu birane, ka ga nawa kowanne ya ƙaru da shekara nawa ya makara, ka ɗora matsakaicin a kan naku. Lissafin ɗan koyo ne, amma na ga ya fi na ƙwararru kusantar gaskiya fiye da sau ɗaya.

Abin da ke kwance a ƙasa

Babu wanda ya san ƙarƙashin birni duka. Kafin a fara, injiniyoyi kan huda ƙasa a wurare da dama a kan hanyar layin, kamar mai haƙa burtsatse, su zaro samfurin ƙasa da dutse, su auna zurfin ruwa. Abin da ke tsakanin wannan huda da waccan zato ne. Saboda haka ka tambaya: huda nawa aka yi, tazarar nawa tsakaninsu, an ba masu neman kwangila rahoton kafin su faɗi farashi? Kuma idan aka tarar da ƙasa ta saɓa wa rahoton, wa zai biya? Amsar wannan ta ƙarshe tana rubuce a kwangila, kuma a kanta ake yawan ƙarewa a kotu.

A wani aiki da na yi, mun fasa kwalta za mu fara bangon tasha sai ga wani ƙaton bututun ruwa, tsoho, na ƙarfe, kwance daidai inda bangon zai bi. Taswirar da aka ba mu ta nuna shi a ɗaya gefen titi. Ba mu da ikon taɓa shi. Masu shi suna da nasu jadawalin, kuma ba za su yanke wa unguwa guda ruwa don muna sauri ba. Injin haƙa bango da aka ɗauko haya yana tsaye, kullum hayarsa na ci. Ma'aikata su zo da safe, su sa hannu, su zauna. Ni ke riƙe da littafin, don haka na ga abin da ya ba ni haushi da idona: kuɗin jiran ya fi kuɗin kauda bututun kansa. Wannan ciwo kuwa ya girme mu duka. Layin ƙarƙashin ƙasa na farko a duniya, wanda aka buɗe a Landan a Janairun 1863, sai da magudanar ƙazantar Fleet ta fashe ta cika ramin aikinsa a 1862.

Don haka ka bincika ko an ba da aikin kauda bututu da wayoyi a matsayin kwangila ta daban, tun da wuri, kuma ko an gama shi kafin babban ɗan kwangila ya sauke kayansa. Idan aka ce maka za a yi su tare don a rage lokaci, ka sa alama a wurin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ruwa ya fi bututu haɗari. Yawancin tashoshi ana fara su ne da zuba bangayen kankare masu zurfi a cikin ƙasa, sannan a kwashe ƙasar da ke tsakaninsu. Idan akwai 'yar kafa a mahaɗar bango, ruwa zai kutso, ya janyo yashi, yashin kuwa daga ƙarƙashin gidajen maƙwabta yake fitowa. Haka ta faru a Amsterdam a 2008, a titin Vijzelgracht: tsofaffin gidaje suka nutsa, aka kwashe mazauna, aiki ya tsaya, har aka kafa kwamiti ya duba ko a haƙura da layin gaba ɗaya. Daga baya sai da aka daskarar da ƙasar gefen bangon kafin a ci gaba. Na Kolon a Jamus ya fi muni. Ranar 3 ga Maris 2009 ginin adana takardun tarihi na birnin ya rufta cikin ramin aikin, mutum biyu suka rasu, kuma an gano aibi ne a bangon kankare. A 2020 kamfanonin ginin suka amince su biya birnin yuro miliyan 600, amma shekara 15 bayan ruftawar ba a haɗa tsakiyar layin ba.

Idan gidanka na kan hanyar layi, kada ka jira. Ka nemi a zo a duba ginin a rubuta halin da yake ciki kafin a fara haƙa, ka karɓi kwafi. Kai ma ka ɗauki hoton kowane bango da kowane tsagi, da kwanan wata. 'Yan aikin sukan manna ƙananan na'urori a jikin gine-gine don auna motsi, ka tambayi wa ke karanta su, kuma motsi ya kai milimita nawa kafin a dakatar da aiki. Ranar da tsagi ya buɗe, waɗannan hotuna su ne shaidarka.

Birni mai tsohon tarihi kuma yana da nasa ƙarin. A Tasalonika ta ƙasar Girka an fara aiki a 2006 da niyyar gamawa a 2012. Aka tono kayan tarihi sama da 300,000, ciki har da babban titin birnin na zamanin da, shimfiɗe da marmara, daidai inda tashar Venizelou za ta zauna. Shekaru aka kwashe ana ja-in-ja har gaban kotu a kan a bar shi a wurinsa ko a ɗauke a mayar. Ga matsin tattalin arzikin ƙasar ya zo ya haɗu. Sai 30 ga Nuwamba 2024 jirgi ya ɗauki fasinja, a tasha 13. Wanda ya ce bai yi tsammanin kayan tarihi a birnin da ya haura shekara 2,000 ba, ban san abin da ya yi tsammani ba. Ka duba jadawali ka ga wata nawa aka ware wa masu tonon tarihi.

Tashoshi ne ke cin kuɗi

Gidajen talabijin sun fi son hoton injin haƙa rami, ƙato mai haƙora, har suna ake raɗa masa. Amma idan ƙasa ta yi kyau, rami tsakanin tasha da tasha shi ne ɓangare mafi sauƙin lissafi, injin yana ci yana jera zoben kankare a bayansa, mita kaza a rana. Tasha kuwa bene ne mai hawa da yawa da aka gina a kife, a tsakiyar titi mai cunkoso.

Kashin farko na layin Second Avenue a New York, wanda aka buɗe ranar 1 ga Janairu 2017, sababbin tashoshi uku ne da dogo kusan kilomita 3, a kan kusan dala biliyan 4.5. Masu bincike na Jami'ar New York da suka tsattsage kuɗin sun nuna tashoshin ne suka lashe kaso mafi tsoka na ginin. An haƙa su da tsawon da ya zarce na jirgin nesa ba kusa ba, saboda kowane sashe na hukuma yana son ɗakunansa a ƙasa, kuma kowace tasha da nata zanen. Madrid ta bi wata hanya. Layin MetroSur mai kusan kilomita 41 da tasha 28 an fara shi a 2000, an buɗe a Afrilun 2003, a kan abin da bai kai yuro biliyan 2 ba. Tashoshin kusan zane ɗaya ne ake maimaitawa, ba su yi zurfi ba, kuma 'yan tsirarun injiniyoyin gwamnati ne ke yanke shawara nan take maimakon a miƙa kowace tambaya ga kamfanin masu ba da shawara. Albashi da shekaru sun bambanta, amma ba su isa su cike wannan tazara ba.

Kada dai in sa ka ɗauka sauri kullum alheri ne. A wannan Madrid ɗin, wani reshe na layi na 7 da aka buɗe a 2007 ya bi ta ƙasa mai gishiri a San Fernando de Henares, ruwa ya narkar da ita, aka yi ta rufe layin don gyara, har gidaje da dama sai rushe su aka yi.

Tambayoyinka a nan gajeru ne. Zurfin kowace tasha mita nawa, kuma me ya sa? Tsawon ramin tasha nawa, tsawon jirgi nawa? Zane nawa ake da shi, ɗaya da ake maimaitawa ko kowace da nata? Kuma tun da aka sa hannu, sau nawa aka sauya zane? Ƙara ƙofa ɗaya don wani babba ya roƙa abu ne mai sauƙi a takarda. Bayan an zuba kankare kuwa, sai an sake lissafin iska, da hanyar gudu idan gobara ta tashi, da wayoyi, kuma ɗan kwangila zai caji kowanne.

Kwangila

Idan aka ce maka farashin kwangila tsayayye ne, ba zai ƙaru ba, ka yi murmushi kawai. Ɗan kwangilar da aka ɗora wa kasadar abin da bai gani ba, ɗayan biyu zai yi: ya cusa kuɗin kasadar a farashi tun farko, ko ya karya farashi ya ci kwangila, sannan ya ɗauki lauyoyi. Araha ba ta ado. Layin Eglinton na Toronto a Kanada, kilomita 19 da kusan rabinsa ke ƙarƙashin ƙasa, an fara shi a 2011 da alƙawarin 2020, kuma babbar kwangilarsa irin wannan ce. Gamayyar kamfanonin ta kai hukuma kotu fiye da sau ɗaya, an biya ta ƙarin ɗaruruwan miliyoyin dalar Kanada, 2024 kuma ta ƙare ba a buɗe ba.

Lamba biyu za ka nema, kuma da wuya a ba ka su da daɗin rai. Ta farko, jimillar kuɗin da 'yan kwangila suka rubuto suna nema wanda ba a riga an sasanta ba. Wannan bashi ne da bai shiga sanarwa ba tukuna. Ta biyu, kuɗin ko-ta-kwana: nawa aka ware, nawa ya saura. Ka gwada da yawan aikin da ya saura. Idan an ci kashi uku cikin huɗu na ko-ta-kwana alhali aiki bai kai rabi ba, za ka iya rubuta labarin ƙarin kuɗi tun kafin hukuma ta kira taro.

Ka kuma tuna cewa jinkiri da kuɗi abu ɗaya ne. Kowane wata da aka ƙara, akwai albashin ofis, hayar injuna, inshora, masu gadi, famfunan zuƙe ruwa da ba a kashewa dare da rana. Mafi tsada shi ne aikin da kuɗi ya yanke masa a tsakiya. New York ta aza harsashin Second Avenue a 1972, ta tsaya a 1975 da birnin ya shiga matsalar kuɗi, sai 2007 aka dawo. Aljeriya ta fara na babban birninta a shekarun 1980, farashin mai ya faɗi, rikicin shekarun 1990 ya biyo baya, tasha 10 na farko ba su buɗe ba sai ƙarshen 2011. Ka tambaya ko kuɗin aikin duka yana hannu, ko kuwa kowace shekara sai an je an roƙa.

Bayan an gama haƙa

Nan ne mutane suka fi ruɗuwa, kuma nan na fi daɗewa da ƙanena a waya. Ranar da inji ya ɓullo ta ɗaya gefen akan yi biki, a ɗauki hoto, kowa ya ce saura ƙiris. Dubi Crossrail na Landan, wanda yanzu ake kira layin Elizabeth. Injuna takwas sun haƙa ramuka masu tsawon kilomita 42, sun gama a 2015. Fasinja bai shiga ba sai 24 ga Mayu 2022. Shekara bakwai.

Me aka yi a cikinsu? Shimfiɗa dogo, jan wayoyi, sanya lif da matakala masu tafiya da kansu, ƙofofin gilashi a bakin dandamali, na'urorin zuƙe hayaƙi, ƙararrawar gobara, rediyo, kyamarori. Kowanne sai an gwada shi shi kaɗai, sannan a gwada su tare, domin idan ƙararrawa ta kaɗa dole fanka ta juya, lif ya tsaya a inda ya dace, jirgin da ke tafe ya san kada ya shigo. Ga kuma sigina: jiragen Crossrail suna bi ta tsarin sigina iri uku, kuma manhajar da ke cikin jirgi dole ta sauya daga wannan zuwa wancan yana cikin gudu. A tsakiyar 2018 ana cewa an kammala sama da kashi 90 cikin 100, za a buɗe a Disamba. Ranar 31 ga Agusta, saura wata uku da 'yan kwanaki, aka ce ba zai yiwu ba. Kasafin fam biliyan 14.8 ya ƙare a kusan 18.9. Ofishin binciken kuɗin gwamnatin Birtaniya ya gano cewa shugabannin aikin sun manne wa ranar da ba ta yiwuwa, kuma raba aikin zuwa manyan kwangiloli 36 ya ƙara haɗari, tunda kowa na jiran wani ya fita kafin ya shiga.

Saboda haka kada ka yarda da "kashi kaza cikin ɗari". Sau da yawa da kuɗin da aka kashe ake auna shi, ko da kankaren da aka zuba, kankare kuwa tuni aka gama da shi. Ka tambayi abin da ake ƙirgawa da yatsa. Tasha nawa aka miƙa wa kamfanin da zai tafiyar da jiragen, da takardunta cikakku? Gwaji nawa ake bukata, nawa aka yi, nawa suka ci? An fara gudanar da jirage babu fasinja bisa cikakken jadawali? A Landan an fara wannan a Mayun 2021 da jirage kaɗan, kimanin shekara guda kafin buɗewa, a tsakani kuma aka tara 'yan sa-kai aka yi atisayen kwashe mutane daga rami. Idan naku bai fara wannan ba kuma ana ce maka saura wata uku, ka san inda za ka ajiye maganar. Sannan akwai hukumar kashe gobara da ta kula da lafiyar dogo, waɗanda sai sun sa hannu. Ka kira su kai tsaye ka ji ko takardu sun iso gare su.

Sauran alamomi a harshen sanarwa suke. Rana takan koma wata, wata ya koma "ƙarshen shekara", daga nan sai "nan ba da jimawa ba". Manyan jami'ai su fara ajiye aiki ɗaya bayan ɗaya. Rahoton wata-wata da ake bugawa ya fara makara, ko ya rage shafuka. Ranar buɗewa ta faɗo daidai gabanin zaɓe. Mu a ofis muna da rahotanni masu launi, kore lafiya lau, ja akwai matsala, kuma na ga yadda ja ke dusashewa yana hawa bene: injiniyan da ke rami ya sa ja, manajansa ya mai da shi ruwan ɗorawa, kafin ya kai teburin shugaba ya zama kore. Ba lallai wani ya yi ƙarya ba, kowa dai ya ɗan sassauta. Don haka in ka samu dama ka yi hira da mai sanya wayoyi a tasha, ka tambaye shi yaushe yake ganin zai kwashe kayansa. Kuma ka taka da ƙafarka ka leƙa ta katanga, safe da yamma, ka ƙirga mutum nawa ke aiki.

Ƙanena bai rubuta labarin sata ba. Ya je taron manema labarai da takardarsa mai layi-layi, ya yi tambaya uku: ko-ta-kwana nawa ya saura, tasha nawa aka miƙa, yaushe za a fara gwajin jirage babu fasinja. Da yamma ya kira ni ya ce, "Yaya, kakakin ya ce zai turo amsa a rubuce." Na ce masa ya ƙara layi ɗaya a takardar, ya sa kwanan watan yau.